Injina yana tauna takarda maimakon ya yanka, ina gyaran yake?

Tambaya

Assalamu alaikum Anti. Shekarata uku ke nan a garin Lids na Ingila. Duk Disamba maƙwabta da malaman makarantar yarana sai sun cika mana gida da katin gaisuwa, ni kuwa ban taɓa mayar wa kowa ba, har abin ya fara ba ni kunya. Bana na ce da hannuna zan yi. Na sayi injin Big Shot ɗan gwanjo, wato injin hannu mai yanka siffofi a takarda, da ƙarafan yanka masu siffar dusar ƙanƙara. To ga abin da ke faruwa: gefe yana yankuwa amma tsakiya ba ta fita, abin da ya yanku kuma ya maƙale a cikin ƙarfen, in na ciro ya yage. Wanda na samu na liƙa, washegari katin ya lanƙwashe kamar busasshen ganye. Ga wata ƙara da farantan robar da ake matse takarda a tsakaninsu ke yi kamar za su fashe. Kati 30 nake so. An sayar mini da mataccen inji ne, ko ni ce ban iya ba?

Amsa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kwantar da hankalinki, da wuya a ce injin ne. Duk abin da kika lissafa na sha shi a shekarata ta farko, kuma kusan dukansa yana komawa ga abu biyu, matsi da irin takarda.

Bari mu fara da ƙarar, don ita ta fi tsorata sabon shiga. Wannan ƙas-ƙas ɗin bakin ƙarfe ne ke huda takarda ya taɓa faranti. Haka yake yi ko a sabon inji. Zanen da za ki ga ya cika farantin ma ba lalacewa ba ne, aikinsa ke nan, kamar katakon yanka albasa. Abin da za ki kula da shi kawai, ki riƙa juya farantan, yau wannan fuska gobe waccan, domin in aka bar su a fuska ɗaya suna bankarewa, kuma bankararren faranti ba ya danna tsakiya. Tunda injin gwanjo ne, ɗora farantan a kan tebur ki duba daga gefe. In kin ga haske yana wucewa ta ƙarƙashinsu, sayi sababbi guda biyu. Sau da yawa nan maganar take ƙarewa.

Injin nan ba shi da wuƙa a cikinsa, mutane da yawa ba su san haka ba. In kin taɓa murza taliya a gida, to kin san shi: sandunan ƙarfe biyu ne masu juyawa, kina murza hannu suna jan abin da kika saka suna matse shi. Mai yankan shi ne ƙarfen siffar, wanda ke da siririn baki a fuska ɗaya. Dabarar ma ba daga takarda ta faro ba, masu yin takalma ne a ƙarni na 19 suka riƙa danna ƙarfe mai kaifi a kan fata don su fitar da tafin takalmi iri ɗaya ba tare da sun bi kowanne da wuƙa ba. Saboda haka komai ya dogara ga kaurin abin da kika jera. Jerin kuwa haka yake, daga ƙasa zuwa sama: shimfiɗa mai kauri tare da maƙarin da ake sa wa siraran ƙarafa, wato ƙarin shimfiɗa mai cike kauri, sai faranti ɗaya, sai ƙarfen bakinsa na kallon sama, sai takarda a kansa, sai faranti na biyu ya rufe. Wasu suna kifa ƙarfen a kan takarda, duk ɗaya ne, in dai bakin yana fuskantar takardar. Ki duba ko wanda ya sayar miki ya haɗa da wannan maƙarin. Masu sayar da gwanjo sun saba manta shi a aljihun tebur, kuma in babu shi siririn ƙarfe zane kawai zai bari, ba zai yanka ba.

Yanzu maganar tsakiyar da ba ta fita. Sandunan nan an riƙe su ne ta gefe biyu, don haka ƙarfinsu ya fi yawa a gefe, tsakiya tana ɗan saki. Ƙarfen dusar ƙanƙara kuwa cike yake da ƙananan ramuka, kowane rami yana neman rabonsa na matsi a lokaci ɗaya. Kada ki ajiye shi a tsakiyar faranti, matsar da shi gefe. Ki murza ya wuce, ki dawo da shi baya, sannan ki ɗaga farantin sama a hankali ki juya ƙarfen tare da takardarsa kwata, ki sake wucewa. Ɗan salatif marar ƙarfin gam zai riƙe su kada su goce. Kafin ki cire takardar, juya ta ki dubi bayanta a haske. Inda layi bai fito sarai ba, nan ne bai yanku ba. Sai ki yanko ɗan guntun kwali ki ɗora daidai wurin a matsayin ciko, ki sake murzawa. Ciko ɗaya tukuna, in bai isa ba ki ƙara na biyu. Amma in kika ji hannun injin ya yi tauri har sai kin tashi tsaye kin danna da ƙarfi, tsaya, ki koma baya ki rage. Ta haka ake fasa faranti, ta haka kuma ake karya haƙoran injin. Akwai siririn farantin ƙarfe da ake sayarwa musamman don ƙarafa masu yawan ramuka, yana aiki ƙwarai, sai dai ni ban cika son sabon hannu ya fara da shi ba, domin yana sa ƙarfe ya nannaɗe in aka matsa masa.

Maƙalewa kuma maganinta araha ne. Sa takarda mai kaki, irin ta naɗe abinci, tsakanin ƙarfen da kwalin. Kakin yana sa abin ya zame ya fito. Bayan ƙarfen akwai ƙananan huji, don tura takarda aka yi su. Ki sa allura ko tsinken sakace ki tura daga huji zuwa huji, kaɗan-kaɗan, kada ki kama kunne ɗaya ki ja. Kuma ki tsince duk ɓurɓushin da ya rage kafin yanka na gaba, don ɓurɓushin jiya shi ke hana yankan yau.

Ba ki gaya mini wace takarda kike sawa ba, amma ina zargin ko dai ta firinta ce ko kuma mai ƙyalƙyali. Ana auna takarda da nauyin murabba'in mita ɗaya, za ki ga lambar a jikin ƙunshin. Ta firinta giram 80 ce, ta yi laushi, yagewa take yi. Gindin kati, wato wanda za a ninke ya tsaya da ƙafarsa, yana son giram 300 ko kusa da haka. Abin da za ki yanka da ƙarfe mai ramuka kuwa ki tsaya tsakanin 200 da 250. Mai ƙyalƙyali ki bar ta sai hannunki ya faɗa. Tana da wuyar yanka, sannan a nan Ingila katin da ke da ƙyalƙyali ba a son sa a kwandon takardun da ake sake sarrafawa, kuma maƙwabtanki suna lura da irin wannan fiye da yadda kike zato.

Lanƙwashewa aikin ruwa ne. Gam ɗin yara na makaranta ruwa ne ya fi yawa a cikinsa. Zaren takarda ya sha ya kumbura a fuska ɗaya, hita ta busar da shi cikin dare, sai kati ya tanƙware. Manyan shafuka ki liƙa su da salatif mai fuska biyu, babu ruwa ko ɗigo. Siraran abubuwa kamar dusar, dabarar da na fi so ita ce ki manna takardar gam mai fuska biyu a bayan kwalin tun kafin ki yanka. In ya fito sai ki ɓare bayan ki ɗora, ba gam a yatsa, ba tabo. In dole sai gam mai ruwa, ɗiga shi a kan murfin roba, ki dangwala da tsinke, ɗigo biyar ko shida sun riƙe dusa guda. Daga nan ki danne katin da babban littafi ya kwana. Ninki ma yana da nasa. Kwali mai giram 300 in kika ninke shi haka kawai, bayansa zai tsattsage ya yi fari. Ɗora rula, ki ja layi da bayan wuƙar shafa bota ko biro da ya ƙare, sannan ki ninke a kan layin, ki goge da bayan cokali.

Ga lissafin kati 30, don kada ki sayi abin da ya fi ƙarfin buƙata. Takardar A4 faɗinta milimita 210, tsawonta 297. Ki raba ta biyu, kowane rabi ki ninke, kin sami kati biyu masu girman 105 da 148, waɗanda ke shiga ambulan mai lamba C6 daidai. Ke nan farin kwali 15 ya ishe ki gindi. Shafin da za ki ɗora a fuska, shuɗi mai duhu ya fi fito da fari, ki yanka shi 100 da 143 don ya bar siririn farin baki kewaye. Huɗu ke fita a kowace A4, takwas sun wadatar. Ki ƙara biyu ko uku saboda ɓarna. Hattara da bidiyon 'yan Amurka a YouTube, awonsu daban ne. Katinsu na yau da kullum inci huɗu da kwata ne da inci biyar da rabi, daga takardarsu mai inci takwas da rabi da 11. In kika bi awonsu da takardar nan, komai zai fito a karkace, ambulan ma ba zai yi daidai ba.

Fasali kuwa, shawarata ki yi guda ɗaya tak ki maimaita shi sau 30. Babbar dusa ɗaya a sama ta ɗan karkata hagu, ƙanana biyu suna gangarowa, sai siririn zirin fari a ƙasa mai ɗauke da gaisuwa. Kuma kada ki gama kati ɗaya sannan ki fara na biyu. Daren farko ninki duka, dare na biyu yanka duka, na uku liƙi. Ramin da dusa ta bari a kwali shi ma kada ki zubar, in kika ɗora shi a kan shuɗi ya zama wani katin. Ina da wata 'yar tsiya da ba na iya dainawa: in zan sayi ƙarfen dusa sai na ƙirga rassansa. Ta gaske shida gare ta, haka ƙanƙara ke daskarewa. Wani manomi a jihar Bamont ta Amurka, Wilson Bentley, ya fara ɗaukar hotonsu ta madubin ƙara girma a 1885, ya ɗauki sama da 5,000 kafin ya rasu. Amma kasuwa cike take da masu rassa takwas. Ba wanda zai kama ki, ni dai idona ba ya yarda.

Abin da za ki rubuta ya rage naki. Wanda ba ya son ambaton wani biki yakan tsaya a fatan alheri na ƙarshen shekara da sabuwar shekara, kuma babu mai ganin baƙon abu a nan, tunda a Lids akwai masu Kirsimeti, akwai masu bikin Hanuka na Yahudawa, akwai waɗanda hutu kawai suke yi. Al'adar kanta ta gaisuwa ce da zumunci tun farkonta. A 1843 Henry Cole, wanda daga baya ya zama shugaban farko na gidan tarihin da yanzu ake kira Victoria da Albert a Landan, ya sa mai zane John Callcott Horsley ya zana masa kati, aka buga 1,000, aka sayar da kowanne sule ɗaya. Shekara uku kafin nan aka fito da aika wasiƙa a kan kobo ɗaya na lokacin, shi ya buɗe wa abin hanya. Ni nakan ƙara layi ɗaya da Hausa a ciki da biro, "Barka da sabuwar shekara", in sa fassara a ƙarƙashi. Wata tsohuwa maƙwabciyata har yau in mun haɗu a bakin ƙofa sai ta gwada faɗinsa, ta kasa, mu yi dariya. In Sallah ta zo kuma injin nan dai ne, ki nemi ƙarfen jinjirin wata da na tauraro, sauran aikin bai canza ba.

Saura abu ɗaya, kuma shi na koya da kuɗina. Wata shekara na yi kati 40, na ɗaga kowace dusa da salatif mai soso hawa biyu, na dasa ɗan dutsen ado a tsakiya. Sun yi kyau, ba ƙarya. Na kai gidan waya ina taƙama, ma'aikaciyar ta ɗauko wani faifan roba mai tsaga, ta tura ambulan ɗaya, ya tsaya cak a kan dutsen. Ta tura na biyu, haka. Ƙa'idar Royal Mail, wato gidan wayar nan ƙasar, ita ce wasiƙa ta talakawa kada kaurinta ya wuce milimita 5, nauyinta kada ya wuce giram 100. Da ta wuce ta shiga ajin babbar wasiƙa, kuɗin kan sarki ya hau. A tsaye na biya bambancin sau 40, layi na bayana yana kallo. Na malaman makaranta da maƙwabta, tunda hannu da hannu za ki miƙa, ki yi musu tudu yadda kika ga dama. Waɗanda za su bi gidan waya ki bar su a shafe, soso hawa ɗaya ya isa. Ki yanka tsaga mai faɗin milimita 5 a jikin wani tsohon kwali ki ajiye kusa da injin, duk ambulan da kika rufe ki zura shi ta ciki kafin ki manna kan sarki.