Rumbu ko Ƙwaƙwalwa, da Batun Lanƙwasar Ƙ

Tambaya: Malam, wace kalma ta fi dacewa da wurin da kwamfuta ke ajiye bayanai, ƙwaƙwalwa ko rumbu? Kuma me ya hana tsofaffin na'urori rubuta ƙ da ɗ da ɓ?

Amsa: Ɗan'uwa, ni rumbu na fi so. Ƙwaƙwalwa tana tunani, tana mantuwa, tana tuno abin da ba a tambaye ta ba. Rumbu kuwa abin da ka zuba shi za ka ɗiba, kuma an san iyakar abin da yake ci. Ma'adana ma ta yi, daga adana, da ɗafa-goshin ma- mai nuna wuri, kamar a makaranta.

Dubi kwamfutar IBM 1401, wadda aka fitar a Amurka a 1959 don lissafin albashi da na bankuna. Mafi ƙanƙantar rumbunta gurbi 1,400 ne, mafi girma 16,000. Kowane gurbi yana da lambarsa, harafi ɗaya yake ɗauka. A cikinsa akwai zobba takwas na maganaɗisu, ƙanana kamar duwatsun wuya, an zura su a waya, kowanne ko a kunne ko a kashe.

Shida daga cikinsu ne ke siffanta harafi, kuma zobba shida ba sa ba da fiye da sifa 64. Manyan haruffan Ingilishi sun ci 26, alƙaluma sun ci 10, sauran suka tafi ga aya da waƙafi da alamar dala da makamantansu. Ƙananan haruffa ma ba su sami wuri ba, balle namu masu lanƙwasa. Abin da Bahaushe ke cewa ke nan, daidai ruwa daidai tsaki. Tsakin nan ba wanda ake ja don fushi ba ne, ɓarzajjen hatsi ne, kuma ma'anar ita ce a yi abu gwargwadon abin da ke hannu.

Zobe na bakwai mai gadi ne. Dole adadin zobban da ke kunne ya zama mara, wato ba cika ba. In ɗaya ya kuskure, na'ura ta tsaya cik. Na takwas ake kira alamar kalma, sai dai kalma a nan ba irin tamu ta nahawu ba ce, jerin gurabu ne kamar suna ko adadin kuɗi. Na'ura tana tarawa daga dama zuwa hagu har ta ci karo da alamar. In mai tsara aiki ya manta da ita, sai lissafi ya zarce cikin gurabun maƙwabta ya ɓata su.

A 1964 IBM ta kawo kwamfutocin System/360 da tsarin lambobin haruffa na EBCDIC mai sifa 256, amma haruffanmu ba su shiga ba. Asarar ba ƙarama ba ce, domin bari ba ɓari ba ne, kara ba ƙara ba ne, kuma a takardar ciniki wannan kan jawo rigima. A Unicode kuwa, tsarin lambobin haruffan harsunan duniya wanda ya fito a 1991, ƙ ta sami lambarta, 409. A UTF-8, wata hanyar ajiye haruffan Unicode a fayil, gurbi biyu take ci, shi ya sa in manhaja ta karanta rubutu da tsohon jadawalin haruffa na Windows, za ka ga Æ™ a inda ka rubuta ƙ. Kada ka goge ka sake bugawa. Buɗe fayil ɗin ka zaɓi UTF-8, lanƙwasar za ta dawo.