Shin wasan kuɗi na ɗakin gwaji yana nuna ainihin halin mutum?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. An koya mana cewa masana kan tara mutane, su ba su kuɗi don auna haɗin kansu. To wanda ya yi kirki a gaban mai bincike, haka yake a kasuwa ko a gona?

Amsa: Ɗana, wannan tambaya ta daɗe tana raba kan masana. A gwajin da aka fi yi, ana ba mutum huɗu kuɗi, kowa ya zuba abin da ya ga dama a asusu ɗaya, a ninka, a raba daidai har da wanda bai zuba ko kwabo ba. Da farko mutane kan zuba kusan rabi. Da sun ga wani yana cin guminsu, sai kowa ya fara janye hannu. A 2000, masana tattalin arziki Fehr da Gächter sun nuna cewa idan aka ba da damar cin tarar mai noƙewa, zubi yakan ƙaru. Duk mai adashe ya san wannan.

Akwai inda gwajin ya dace da zahiri. A yankin Bale na Habasha, binciken da aka buga a 2010 ya duba ƙungiyoyi 49 masu kula da daji. Inda masu cewa "in ka zuba na zuba" a wasan suka fi yawa, dajin ya fi samun kulawa. A Brazil ma, masuntan da suka fi sakin hannu a wasan sun fi amfani da tarko mai manyan ƙofofi, wanda ke barin ƙananan jatan lande su kuɓuta.

Amma a 2007 wasu masanan, Levitt da List, sun ja kunne: mai wasan ya san ana kallonsa, kuɗin kaɗan ne, kuma yawanci ɗalibai ake gwadawa. Ni abin da ya fi damuna shi ne ɓoye sunaye. A gayyar fadamar Wurno, wanda bai fito ba an san shi, an san gidansu, gobe kuma za a haɗu da shi a masallaci. Kunyar idon jama'a ce ke riƙe da rabin aikin, ita kuwa gwajin da gangan yake cire ta. Shi ya sa nakan yarda da shi wajen kwatanta ƙungiya da ƙungiya, amma ba na yanke wa mutum ɗaya hukunci da shi.

In za ka yi naka binciken, ka buga wasan da manoman kansu, sannan ka koma da damina ka ƙirga waɗanda suka fito gayya.