Ta ina zan fara koyar da littafin labari a ajin Turanci?

Tambaya: Malama, ina koyar da Turanci a ajin SS2. Zangon nan za mu karanta The Life Changer, amma da na ce a buɗe littafi sai hamma ta tashi. Ga shi kwafin ma bai ishe mu ba. Ta ina zan fara?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara basira. A ranar farko kada ka cika allo da tarihin marubuciya da jigo da jerin taurari. Wannan shi ke kashe littafi tun ba a buɗe shi ba, yaro ya kwafa, ya haddace, ya tafi neman taƙaitaccen bayani a kasuwa.

Ka fara da rigimar da ke cikin labarin. Littafin Khadija Abubakar Jalli, wanda JAMB ta sanya wa masu UTME daga 2021 zuwa 2024, yana da ita a shirye: an kama wata ɗaliba mai suna Salma da satar amsa a jami'a. Kada ka ambaci sunanta tukuna. Rubuta tambaya ɗaya a allo: abokinka ya roƙe ka amsa a ɗakin jarrabawa, an kama shi da takardarka, laifin wa ya fi? Masu cewa nasa su koma dama, masu cewa naka su koma hagu. Ka bar su su yi musu na minti biyar, ko da Hausa ne. Na san wasu shugabannin makarantu ba sa son jin haka, amma wanda ya kafa hujja da harshensa ya fi saurin nemo ta da Turanci. Daga nan kowa ya rubuta matsayarsa a jimla uku na Turanci, ka karɓa ka ajiye sai an zo babin Salma.

Sannan ka karanta musu farkon littafin da kanka, da murya mai rai, ka tsaya cak daidai inda Omar, ɗan Ummi mai ba da labarin, zai faɗi albishir ɗin samun gurbi a jami'a. Rufe littafin. Za su yi ƙorafi, abin da ake nema ke nan.

Batun kwafi kuwa, raba su rukuni-rukuni, mutum biyar littafi ɗaya: wani ya karanta, wani ya tsinto sababbin kalmomi, wani ya tsaya a matsayin Ummi 'yan aji su yi masa tambayoyi. Kowane mako a sauya aikin, don kada mai bakin Turanci ya riƙe littafin shi kaɗai.