Tambaya da Amsa: Zinare ne Ko Mai Kama da Shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na tsinci wani dutse a bakin rafi, jikinsa duk ƙwayoyi masu ruwan ɗorawa da ƙyalli. Wasu sun ce zinare ne, wasu sun ce ƙarya. Yaya zan tantance a gida? Daga wani mai karatu, Birnin Gwari.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, launi shi ne shaidar da ta fi kowace rauni a sha'anin ma'adinai, kama da wane ba ta wane. Galibin irin abin da ka siffanta fairait ne, wato haɗin ƙarfe da farar wuta.

Fara da tauri. Masana suna amfani da ma'aunin da Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, daga 1 zuwa 10, inda lu'ulu'un daimon yake na 10. Farce yana kan 2.5, bakin wuƙa wajen 5.5. Zinare bai wuce 2.5 zuwa 3 ba, don haka tsinin allura zai lotsa shi, in ka buga da guduma ya baje kamar darma. Fairait kuwa 6 ne zuwa 6.5: wuƙa ba ta kama shi, guduma ta same shi sai ya tarwatse ya zama gari. Amma ka kula, wani lokaci wuƙar ce take barin sawun ƙarfenta a jikin dutsen, mutum ya ɗauka karta ta yi. Shafa da jiƙaƙƙen yatsa. In layin ya goge, ba karta ba ce.

Sannan ka goga ƙwayar a bayan tayil, gefen da ba shi da sheƙi. Zinare zai bar layi rawaya, fairait ya bar baƙi mai ɗan kore. Ƙwayar za ka goga, ba uwar dutsen ba, domin farin dutsen kwaz taurinsa 7 ne, shi zai ci tayil ɗin ya ba ka farin gari.

Gwajin da ya fi yanke hukunci shi ne na nauyi, kuma sikelin maƙeran zinare mai karanta giram 0.01 ya isa. Auna ƙwayar a bushe. Ɗora ƙaramin kofin ruwa a kan sikelin, ka mayar da shi sifili. Ɗaure ƙwayar da siririn zare, ka nutsar da ita a ruwan ba tare da ta taɓa gindi ko gefen kofin ba, ka karanta. Raba lambar farko da ta biyu. Zinaren da ake haƙowa yakan ba da 15 zuwa 19, saboda azurfar da ke gauraye da shi. Fairait 5 kawai. Misali ƙwaya mai giram 6: zinare zai nuna 0.3 zuwa 0.4 a ruwa, fairait 1.2. Kumfar iska da ta maƙale, ko ɓarɓashin dutse a jikin ƙwayar, duk suna rage sakamakon. Su kuwa ƙananan ɓawon nan masu walƙiya cikin yashi, maika ce. Wurin wanki ruwa ke tafiya da su, zinare ya kwanta a gindin kwano.

Tambaya: Ni ɗaliba ce, kullum kalsait da kwaz suna rikita ni a aji. Daga Jos.

Amsa: 'Yar'uwa, ɗiga musu asid ɗin haidirokulorik da aka sirka zuwa kashi 10 cikin 100. Kalsait, wato ma'adinin dutsen farar ƙasa, zai yi kumfa nan take, kwaz ko gezau. In babu, kankare ɗan gari ki zuba ruwan binega. Wuƙa ma tana kartar kalsait, taurinsa 3 ne. Dolomait, wani ma'adini mai kama da kalsait, shi ne mai yaudara: ba ya kumfa sosai sai an mai da shi gari.

Tambaya: Dutsen tozali da ake samu tare da zinare, da gaske yana da illa? Daga wani mahaƙi, Anka.

Amsa: Da gaske ne. Sunansa galina, haɗin darma da farar wuta, kuma kusan kashi 87 cikin 100 na nauyinsa darma ce. Gane shi ba wuya: toka-toka mai ƙyalli, laushi kamar farce, nauyinsa ya ninka na ruwa sau bakwai da rabi, in ya fashe yakan rabu gida-gida masu kusurwa kamar sukarin kwali. Matsalar ita ce, in ya daɗe yana shan ruwa da iska yakan rikiɗe zuwa wani ma'adinin fari ko toka marar ƙyalli, wanda ya fi saurin narkewa a cikin ciki. Ke nan rashin ganin ƙyalli ba ya nufin babu darma.

Garin irin wannan dutse da aka riƙa daka da niƙawa cikin gidaje shi ya hallaka yara aƙalla 400 a Zamfara a 2010, musamman a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. A yi niƙa nesa da gari, a jiƙa dutsen don kada ƙura ta tashi, kada a taɓa amfani da turmi ko injin niƙan hatsi. Kayan aiki a bar su can, a yi wanka a sake tufafi kafin a shiga gida a ɗauki yaro.