Kano zuwa Jidda: kilomita nawa, awa nawa a jirgi?

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce za ka raka mahaifiyarka Umara, kana so ka san nisan da ke tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz a Jidda, da awannin da za ku yi a sama.

A miƙe, nisan ya kai kusan kilomita 3,400. Manyan jiragen fasinja na gudun kamar kilomita 850 a awa, don haka in an haɗa da tashi da sauka, tafiyar kai tsaye takan ci awa huɗu da rabi zuwa biyar. Sai dai wannan hanyar ta ratsa Chadi da Sudan. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, dole jirage suka riƙa zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo. Saboda haka ka tambayi kamfanin da za ku bi wace hanya jirginsu ke bi yanzu.

Ka kuma lura, agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da awa biyu, kuma lokacin sauka da ke kan tikiti na can ne.

In jirgin zai yada zango a Addis Ababa ko Alƙahira, jiran canjin jirgi kaɗai na iya cinye muku yini. Da dattijuwa, ni dai na fi son ku nemi na kai tsaye ko da ya fi tsada. Kuma tunda Jidda za ku sauka, ku shirya harami tun daga Kano, domin jirgi yana wuce mikati kafin ya sauka. Allah Ya kai ku lafiya.