Tambaya da Amsa: Gwamna Zai Iya Sauya Kasafi Shi Kaɗai?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, gardama ce ta tashi a majalisarmu ta 'yan kasuwa a Agege. Wasu sun ce da zarar gwamna ya sa hannu a kasafin kuɗi, yana da ikon ya rage ko ya ƙara, ko ya karkatar da kuɗin wani aiki zuwa wani. Mene ne gaskiyar lamarin? Daga wani mai karatu a Agege, Legas.

AMSA: Wa alaikumus salam. Alhaji, kasafin da Majalisar Dokoki ta amince da shi, gwamna kuma ya rattaba masa hannu, ya zama doka, kuma ba a gyara doka sai an koma inda aka yi ta. Sashe na 120 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana a fitar da ko kwabo daga asusun jiha sai da izinin doka. Idan kuɗin da aka ware wa wani aiki bai isa ba, ko wata buƙata ta taso wadda ba a yi mata tanadi ba, sashe na 121 ya wajabta a kai wa majalisa ƙwarya-ƙwaryar kasafi. Haka aka yi a Legas a 2020, lokacin annobar korona, da aka rage kasafin daga sama da naira tiriliyan 1.1 zuwa kimanin biliyan 920, bayan 'yan Majalisar Dokokin jihar da ke zama a Alausa sun amince.

Akwai sassauci, wanda watakila shi ne tushen gardamarku. Idan shekara ta shigo ba a zartar da sabon kasafi ba, sashe na 122 ya ba gwamna damar ci gaba da tafiyar da ayyukan gwamnati har tsawon wata shida, amma kada ya wuce abin da aka ware wa wannan lokaci a kasafin bara. Sashe na 123 kuma ya yarda majalisa ta kafa asusun ko-ta-kwana don buƙatar gaggawa, sai dai dole a kai mata bayani daga baya domin a mayar da abin da aka ɗiba.

Inda na fi damuwa shi ne bin sawu bayan an kashe kuɗin, domin a nan talaka ya fi cutuwa ba tare da ya sani ba. Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha yana da kwana 90 daga ranar da ya karɓi bayanan Akanta-Janar ya miƙa rahotonsa ga majalisa, ita kuma tana da ikon gayyato kowane kwamishina ya zo ya yi bayani.

Majalisar Legas tana da kujeru 40, biyu daga ciki na Agege ne. Ku rubuta wa wakilinku takarda da sunan ƙungiyarku, ku ambaci aikin da kuke tambaya a kai da shekarar kasafinsa, ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa.