Amsa ga mai son kafa lambu da rumfar leda a wannan bazarar

Wa alaikumus salam Malam. Na ga tambayarka cewa kana da fili a bayan gida a wajen Kano, kana son a wannan bazarar ka kafa rumfar leda irin ta girin-haus, ka kuma dasa mangwaro da lemu da gwaiba, amma ba ka san da wanne za ka fara ba. Allah ya sa albarka a niyyar. Na jima ina wannan harka a ɗan filina, to ga abin da na gani.

Kada ka dasa bishiya ko ɗaya a Maris ko Afrilu. Turawan da muke gani a bidiyo suna dashe a waɗannan watanni, su lokacin ne sanyi ke sakinsu, ƙasa ta fara ɗumi. Mu kuwa lokacin ne zafi ke kai maki 40. Ɗan dashen da aka ciro daga leda jiya, saiwarsa ba ta kama ƙasa ba, ko kullum kana ba shi ruwa za ka ga ganyen ya yanƙwane da azahar, bakinsa ya ƙone. Ka bari sai damina ta zauna, ƙarshen Yuni zuwa Yuli, ruwan sama ya raina maka su har Satumba.

Amma fa bazara ba ta zaman banza ba ce. Ruwa da shinge su ne aikinka na farko. Ruwan Kano wata huɗu ne, sauran wata takwas kai ne za ka shayar. Idan rijiyarka tana ƙafewa a Afrilu, to yanzu ne lokacin da za ka gane, tun ba ka zuba kuɗi ba. Shinge kuwa ba sai na yi dogon bayani ba, akuya ɗaya ta ishi lambu.

Sai ramuka. Ka haƙa kowanne santimita 60 faɗi, 60 zurfi, ka ware ƙasar sama daban da ta ƙasa. Ka gauraya ta saman da takin shanu wanda ya ruɓe sosai, wanda in ka damƙa yake marmashewa ba ya wari, ka mayar cikin ramin ka bar shi ruwan farko ya daka shi ya zauna. Ɗanyen taki, musamman kashin kaji, ƙona saiwa yake yi, kuma wanda ke da karmami a ciki gara yake kira. Ni nakan zuba toka da ganyen darbejiya a gindin, yana rage garar, amma sai ana dubawa.

Tazara ita ce inda mutane ke yi wa kansu. Dashe yana ƙarami sai a ga fili ya yi yawa. Mangwaro yana son kamar mita 10 tsakaninsa da ɗan uwansa, lemu 6 zuwa 7, gwaiba 5 zuwa 6, gwanda 2 da ɗan wani abu. A fuloti ɗaya, mangwaro biyu sun isa, kuma ka nisanta su da katanga da ramin bayan gida. Ka sayi mai aure, wato wanda aka ɗaura reshen iri mai kyau a kan gindin wani: yakan fara 'ya'ya a shekara 3 zuwa 4, na ƙwallo kuwa sai ka jira 6 ko fiye, kuma ba lallai ya ɗauko zaƙin uwarsa ba. Cibiyar binciken kayan lambu da 'ya'yan itatuwa ta ƙasa, NIHORT, tana da reshe a Bagauda, ka tambaya can. In a bakin titi za ka saya, ka duba wurin auren da idonka, tabon ya warke ko bai warke ba. Wajen dasawa wurin auren ya kasance sama da ƙasa, kuma duk reshen da ya tsiro a ƙasansa ka tsinke, don na uwar gindi ne, in ka bar shi zai kashe na saman. Lemu ba ya son ruwa ko taki ya kwanta a jikin gindinsa, sai ka ga ƙaro yana tsatsowa daga ɓawon, daga nan ya fara mutuwa. Ka yi masa kwarin ban ruwa nesa kaɗan da gindi. Ka haɗa da gwanda da zogale, su ne za su riƙe maka zuciya, don gwanda kafin shekara ta zagayo an fara ci.

Batun rumfa, a ganina ita ce ta ƙarshe, kuma a fara da ƙarama. Rumfar da aka rufe ruf da leda an ƙirƙire ta ne don tara ɗumi. A Afrilun Kano tanda ce kawai. Tumatir in zafi ya haura maki 35 furensa zubewa yake yi, ka ga ganye shar ba 'ya'ya. Abin da ya dace da mu shi ne rumfa mai tsawo, mita 3 zuwa 4, gefunanta raga mai ƙananan ido, samanta leda mai jure rana da kafar fitar zafi, a bazara kuma a shimfiɗa ragar inuwa a kai. Ledar kasuwa ta yau da kullum ba ta daɗewa take tsattsagewa. Ginshiƙai kuma a kafa su da siminti, don iskar farkon damina ba ta da wasa.

Amfanin rumfar biyu ne. Tana kare tumatir da tattasai daga dukan ruwa a damina, lokacin da suke tsada a kasuwa. Tana kuma tare ƙwari: farin ƙuda mai kawo cutar nannaɗewar ganye, da tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta cinye tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa a 2016, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta. Sai dai raga ba ta da amfani in yara suna barin ƙofa a buɗe, shi ya sa ake yin ƙofa biyu a jere, ta waje da ta ciki. Kuma tunda iska ba ta kaɗa fure sosai a cikin rumfa, da hantsi sai ka riƙa girgiza igiyoyin da aka ɗaure tumatir da su don furen ya ɗauka. Kada ka maimaita tumatir a ƙasa ɗaya kaka bayan kaka. Ka tuge ɗaya ka duba saiwar, in ka ga ƙulle-ƙulle to cuta ta shiga ƙasar, gara ka koma shuka a buhu ko bokiti da sabuwar ƙasa.

Kafin rumfar ta samu, da damina ka shuka alayyafo da kuɓewa da rama a tsakanin ramukan. Latas, kabeji, karas da albasa kuwa hunturu suke so, a fili ma suna yi ba tare da rumfa ba, sai ka zuba irinsu a Oktoba. In ka faɗi girman filin da inda kake samun ruwa, zan iya ƙiyasta maka bishiya nawa zai ɗauka.